Ranar Da Kadidia Ta Kira Sunan Ɗanta

Tuwon jar dawa ne a tukunya, dawar taimako da ake rabo a bakin gari, wadda komai iya tuƙin mace ba ta yin daɗi. Kadidia na durƙushe gaban murhu da muciya a hannu, Aissa na barci a bayanta, ko rigar aiki ba ta samu ta tuɓe ba. Shekarar ce fari ya sake dawowa Agadas. Dabbobi sun ƙare, makiyaya sun sauko daga duwatsu sun kafa bukkoki a bayan gari, soji na riƙe da ƙasa, kowa in zai yi magana sai ya waiwaya. A kan wannan duka kuma sai ƙyanda ta shigo.

"Salamu alaikum! Masu gidan nan sun yi gudun yunwa ne?"

Chaibou ne, mijinta, shofer ɗin kamiyon, babbar motar da ke ɗauko buhunan taimako daga kudu. Ya shigo idanu jajur don rashin barci, ya ajiye mata ƙullin dabino kamar yadda ya saba tun suna saurayi da budurwa.

"Madam Lissafi, tuwonki na kama ƙasa fa."

Ba ta yi dariya ba. Ta sauke tukunya, ta kawo masa ruwa, ta jira ya sha.

"Baban Aissa, tambaya gare ni. Wancan — na gidan Inna — an yi mishi allurar ƙyanda?"

"Wancan" ɗanta ne na fari. Tun ranar da aka yaye shi Inna Fulera, uwar Chaibou, ta zo ta goye abinta ta tafi da shi, kamar yadda ake yi. Sunansa Alkasum, sunan marigayi uban Chaibou, don haka kunya biyu ce ta rufe bakin Kadidia: ta ɗan fari da ta suruki. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki a gabanta sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Yaron ma bai san ta da wani suna ba sai Kadi. Lokacin da ya isa allura, allurar ce babu a gari, da ta zo kuwa ya riga ya koma hannun kaka.

"Na gaya ma Inna tun watan jiya," in ji Chaibou. "Ta ce to."

"To ɗin Inna ai ka san shi."

"Kadi, don Allah! Yanzu na sauko daga mota, bayana kamar ya ɓalle. Mi ya kawo wannan magana yau?"

Abin da ya kawo ta a biro yake, wato ofishin lafiya inda Kadidia ke aiki. Aikin Kadidia ba na allura ba ne, ba na ɗaurin miki ba. A wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya take yini, duk rahoton da ya fito daga gidajen likita da sansanin ƴan gudun fari sai ya bi ta hannunta: wa ya kamu, a wace unguwa, wa ya tashi, wa ya tafi. Ta tara, ta rarraba, ta ɗiga jan bik, alƙalaminta mai jar tawada, a kan taswirar gari. Matan unguwa har tsiya suke yi mata, wai an kai yarinya lakkwal, karatun boko shekara da shekaru, don ta zo ta ƙirga matattu. Ita kuwa burinta ɗaya, a tura ta Yamai ta ƙaro ilimin wannan lissafi, don ta gane da shi ake tare cuta tun ba ta ci gari ba.

To, lissafin ne ya ƙi daidaita. Masu allura sun ce sun gama da yaran cikin gari, ga shi kuma jan bik sai ƙaruwa yake yi a unguwannin da aka ce an gama. Ta juya, ta sake juyawa, har kanta ya yi ciwo. Daga baya ta roƙi ma'aikatan gidajen likita su riƙa ƙara tambaya ɗaya: wa ya kawo yaron? Amsar ta riƙa dawowa iri ɗaya. Kaka ce. Kaka ce. Kakarsa ce.

A wurin rabon dawa ake yin allurar, don nan ne mata ke taruwa. Uwa ta shiga sahu, a ce mata, "Ɗiya nawa gare ki?" Sai ta faɗi na goye da na hannu, ta tsallake na fari, don wace mai kunya ce za ta ƙirga ɗan fari a bainar jama'a? Tsofaffi kuwa ba su iya tsayuwar rana, suna gida da jikokinsu. Babu wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya yi sakaci da aiki, amma yaran da aka fi so a kowane gida su ne allura ba ta taɓa ba. Ranar da Kadidia ta gane haka, bik ɗin ya faɗi daga hannunta, don ita ma da ta shiga sahun da Aissa, ɗiya ɗaya ta ce tana da ita.

Ta kwashe duka ta gaya wa Chaibou. Ya ture kwanon tuwon.

"Gobe in tahi gun Inna da kaina."

Ya je, ya dawo kafaɗu a sake.

"Ta ce Angonta ba ɗan gudun yunwa ba ne da za a kai shi sahun masu roƙon dawa. Ta ce ƙyanda baƙuwa ce, in aka tare ta da ƙarfe fushi take yi. Ta ce kuma..."

"Faɗi mana."

"Ta ce tun yaushe uwa ta fara tambayar lafiyar ɗan fari? Wai lakkwal ta cinye miki kunya."

"Kai mi ka ce?"

"Mi zan ce, Kadi? Inna ce fa. Mu bari ta huce, in na dawo daga wannan tafiya sai in sake lallaɓa ta."

"Jibi sauran allurar za ta tahi Bilma! Kalanzir ɗin firigon da ke sanyaya ta ya kusa ƙarewa, Lokotoro, babban likitanmu, ya ce ba za a bar ta ta lalace nan ba. Bayan ta kuwa, sai ranar da Allah Ya kawo wata."

Chaibou ya dafe kai. Mutum ne mai kirki, amma irin masu kirkin nan da ke fatan rigima ta gaji ta mutu da kanta. Da asuba ya hau kamiyonsa zuwa Ingal, ya bar ta da ƙullin dabino da zullumi.

Da hantsi Kadidia ta bar Aissa wurin maƙwabta, ta yafa mayafi ta nufi gidan Inna. Tsofaffin unguwa na zaune a inuwar zaure na ciki suna saƙar tabarma, har da Salamatou, aminiyar Inna, wadda jikanta Abdou ke cin kwano ɗaya da Alkasum. Yaran biyu na wasa da ƙwallon goruba a bakin randa. Kadidia ta durƙusa har ƙasa, ta gaida kowa ɗaya bayan ɗaya.

"Inna, alfarma na zo nema. A ba ni aron yaron nan, yanzun nan in maido shi."

Inna Fulera ba ta ko ɗaga kai daga kabar da ke hannunta ba.

"Wane yaro? Ke kina da yaro a gidan nan? Angona, shige ɗaka."

Yaron ya saki gorubar ya ruga. Kadidia ta ce, "Kai! Kai, zo!" Ina! Bai san da shi ake ba. Ta ga ƙafarsa na shirin ƙetare dokin ƙofa, ta san in labulen nan ya rufe shi, an gama. Sai ta miƙe tsaye.

"Alkasum!"

Kaba ta suɓuce daga hannun Salamatou. Yaron ya tsaya cak, ya juyo yana kallonta da mamaki.

"Alkasum, zo nan. Ni ce uwarka."

"La'ilaha illallahu!" in ji wata tsohuwa, ta rufe baki da gefen zane.

Kadidia ba ta ƙara kallon kowa ba. Ta sunkuya ta saɓa shi a baya, ta ɗaure da mayafinta, ta ratsa unguwa kai ba lulluɓi, mata na leƙe ta kan katanga. Rabon da ta ji ɗumin jikinsa a bayanta tun ranar yaye. Tana tafe tana kuka, ita kanta ba ta san ko na kunya ba ne ko na daɗi. Aka yi masa allura, ya tsala ihu, ta lallashe shi da dabinon ubansa, ta maido shi har gaban Inna ta sake durƙusawa. Inna ta janye jikanta ta juya mata baya.

Kamar da gayya, kashegari yaron ya tashi da ɗan zazzaɓin da allura kan kawo. Kafin Chaibou ya dawo, labari ya gama unguwa, an ƙara masa gishiri: wai Kadidia ta zagi surukarta, ta fizge yaro, ta sa masa ciwo.

Ya shigo gida ko sallama bai yi ba.

"Kadi, mi kika yi mini? Sunan ubana, a tsakar gidan uwata, gaban ƙawayenta? Ta ce kin kira shi kamar mai kiran akuya!"

"Na roƙa tukuna, Allah ne shaida. Zazzaɓin kuwa gobe zai sauka."

"Ta ce ko ita ko ke. Ta kama nononta ta ce in ban sake ki ba, ba ta yafe ba." Ya kau da kai. "Ki tahi gidan Gwaggonki har ta huce."

"Saki ne, Baban Aissa?"

"Bakina ba zai iya faɗin shi ba. Amma uwa ce, Kadi. Uwa ce!"

"Na sani," in ji ta, hawaye na zuba. "Ni ma ita ce."

Ta ɗaure kayanta a zane ɗaya, ta goya Aissa ta fita. Bai hana ta ba, bai kuma iya kallon fitarta ba.

Zaman gidan Gwaggo zama ne na gajiya. Kullum ta tashi ta tafi biro da ciki rabi, ta yini tana ɗiga jan bik, ta dawo ta tarar da Gwaggo da nata wa'azin. "Ke ma kin yi wauta, ɗiyar nan. Mu da muka haifi namu muka kau da kai, mutuwa muka yi? Tahi ki kama ƙafarta ki ce sheɗan ne." Kadidia ta je har sau biyu, Inna ta sa aka ce ba ta nan, alhali ga takalmanta a bakin ƙofa. Chaibou kuwa ya maida kansa ɗan hanya, duk tafiyar da wasu suka ƙi shi ke karɓa, don kada ya zauna a gari a tsare shi da maganar saki. Wani lokaci takan fito daga biro ta ga ƙullin dabino a kan taga, babu saƙo, babu mai shi. Sai ta ɗauka ta koma ciki ta rufe ƙofa.

Lokotoro Seydou, shugabanta, ya kai abin da ta gano gaban wani kapitan na soji da aka ɗora kan rabon abinci, ya tafi da ita don ta yi bayani. Kapitan ya saurara yana kaɗa sanda a kan takalminsa.

"Bon, abu mai sauƙi. In allura ta zo sai in ba ku soji, a bi gida gida a fiddo yaran. Wadda ta hana, a ɗauko ta ita ma."

Ga hanya ta buɗe wa mai son ramuwa, amma Kadidia ba ta so ta ba. A ranta ta hango Inna Fulera da furfurarta a bayan motar soji, sai ta buɗe baki.

"Mon capitaine, a yi haƙuri. In soja ya shiga ɗakin tsohuwa ɗaya, kafin magariba an kwashe sauran yaran an kai ƙauye, ba za mu ƙara ganinsu ba ko a lissafi. Ba ƙin jikokinsu suke yi ba. Son su ne ya yi yawa."

"To, ku kuka sani," in ji shi. "Amma kada in ji adadin mamatan nan a bakin kowa."

Ranar da rahoton unguwar Inna ya iso, Kadidia ta ɗauki bik ta ɗiga. Ɗigo ɗaya a lungun su Inna. Bayan kwana kaɗan wani, sannan wani. Ba ta da ikon zuwa, ba ta da wanda za ta aika ba a kore shi ba. Sai ta riƙa bin sunaye da yatsa tana addu'a, in ta kai ƙarshe ba ta ga nasa ba ta yi hamdala, sannan kunya ta kama ta, don kowane suna a wurin ɗan wata ne. Rannan ta ga na Abdou, jikan Salamatou, a cikin waɗanda suka tafi. Ta kifa kai a kan tebur ta daɗe ba ta ɗago ba.

Ana cikin haka kamiyon Chaibou ya iso daga Yamai da akwatunan allura a cikin ƙanƙara. An ce bai tsaya ko'ina ba sai don salla, don kada ƙanƙarar ta narke. Kadidia ta hango shi ta taga yana sauke kaya, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ba ta fita ba.

Kashegari da hantsi aka yi sallama a ƙofar biro. Ta ɗaga kai, sai ga Inna Fulera tsaye, tsohuwar da ba ta taɓa taka gidan gwamnati ba, riƙe da hannun Alkasum. Yaron fes, fatarsa sumul, yana tsotsar goruba. Kadidia ta zame daga kujera ta durƙusa.

"Tashi," in ji Inna. "A nan ke ce babba."

Ta zauna a kan benci, ta daɗe tana kallon taswirar da jajayen ɗigo suka cika.

"Wannan duka ɗiyan mutane ne?"

"I, Inna."

"Tabarma ɗaya suka kwana da Abdou, har daren da ƙurajen suka fito. Na zauna ina jiran nawa ya kwanta. Na jira, na jira." Ta share ido da gefen mayafi. "Ni na wanke Abdou. Uwarsa na tsaye a bayan ɗaki, ba ta shigo ba, ba ta yi kuka ba, don kada a ce ba ta da kunya. Da na dube ta, sai na ga kaina."

Kadidia ta ɗago a hankali, Inna ta ci gaba.

"Chaibou ya ɗauka shi da yayyensa mata kaɗai na haifa. Akwai na farinsu. A ɗakin uwar mijina ƙyanda ta kama shi, ina jin tarinsa ta cikin bango, ina daka, ban shiga ba. Da aka fito da shi a tabarma, na ci gaba da dakana, mata suna yaba mini. Har yau ana ba da labarin kunyata a dangi." Ta jawo yaron kusa da ita. "Ban taɓa faɗin sunansa ba. Ko sau ɗaya, ko a cikin ɗaki ni kaɗai."

"Inna..."

"Illo," in ji tsohuwar. "Sunansa Illo."

Sai kukan da ta riƙe tun tana amarya ya ɓalle. Kadidia ta rarrafa ta rungume ƙafafunta, suka yi ta yi su biyu, yaron na tsaye yana kallonsu da gorubarsa. Chaibou, da ya biyo uwarsa a guje don ya ɗauka rigima ta zo yi, ya tsaya a bakin ƙofa ya ji komai. Ya juya fuska ga bango, kafaɗunsa na girgiza.

Inna ce ta fara share fuska. "Kai kuma, tsayuwar mi kake yi? Tahi gidan Gwaggonta ka kwaso kayan matarka. Da ka bi maganata ka sake ta, da ban yafe maka ba!"

"Inna, ai ke kika ce..."

"Na ce! Yanzu kuma na ce!"

Abin da soji ba za su iya ba, tsohuwa ɗaya ta yi shi da sandarta. Inna Fulera ta bi zaurukan unguwa, Salamatou na biye da ita da idanu a kumbure, kowace kaka aka ce ta fito da nata. Aka ware musu inuwa, ba sahu, ba rabon dawa. A wurin iyaye mata kuma aka sake tambaya: in an ce ɗiya nawa, sai a ƙara da cewa, "Akwai wani a hannun kaka?" Wannan kowace uwa na iya amsa ta da kai, ba sai ta buɗe baki ba. Sannu a hankali jan bik ya ragu a taswira. Da damina ta dawo, Lokotoro Seydou ya sa sunan Kadidia cikin masu tafiya Yamai ƙaro ilimi, Inna ce kuwa ta ce a bar mata Aissa ita ma, ta tafi da hankali kwance.

Kadidia ba ta ƙara kiran sunan ɗanta a gaban mutane ba. Ta koma ga "wancan" ɗinta kamar kowace ɗiyar mutunci, in Chaibou ya tsokane ta sai ta harare shi. Kunya abu ne mai kyau, ita ke riƙe da gidajenmu, kada yarinya ta karanta wannan ta ce an ba ta izinin ɗaga wa surukarta murya. Amma an yi kunya ne don a girmama mutane, ba don a binne su ba, kuma in rai na bakin ƙofa, uwa ta buɗe baki ta kira ɗanta, sannan ta yi haƙuri da abin da zai biyo baya. Kadidia ta kira nata sau ɗaya, ya amsa. Inna Fulera ta kira nata bayan kai ya yi fari, babu mai amsawa.

Allah Ya raya mana na fari da na auta, Ya jiƙan waɗanda ba a kira ba.